Neman Aikin Kwamfuta ta Hannun Dillalai da 'Yan Kwangila

Gabatarwa

A shekarar 2019 jaridar New York Times ta bayyana cewa a watan Maris na wannan shekara kamfanin Google yana da ma'aikatan wucin gadi da na kwangila kimanin 121,000, alhali ma'aikatansa na dindindin ba su wuce 102,000 ba. Watau fiye da rabin mutanen da ke yi wa kamfanin aiki a lokacin, ba shi ne ya ɗauke su ba, ba kuma shi ke biyan su albashi ba. Wannan hali bai tsaya ga kamfani guda ba. A sana'ar kwamfuta da fasahar sadarwa, ɗimbin masu neman aiki ta hannun wani na tsakiya suke shiga.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana irin waɗannan masu tsayawa a tsakiya, da yadda suka samo asali, da hanyar da suke cin riba, da kuma abin da ya wajaba ɗalibi ko ma'aikaci ya sani kafin ya sa hannu a takardarsu. Jigon maganar guda ne: wurin da mutum yake aiki daban, wanda ya ɗauke shi aikin daban, kuma haƙƙinsa duka yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi.

Kashe-kashen masu tsayawa a tsakiya

Ana iya kasa su kashi uku.

Na farko shi ne kamfanin dillancin ma'aikata. Shi wannan mutane yake tarawa, ya tantance su, ya tura su wurin mai buƙata na wani ɗan lokaci. Mai buƙatar ne ke ba da umurnin aikin yau da kullum, amma dillalin ke biyan albashi. Irin wannan sana'a ta kafu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu: an buɗe kamfanin Kelly a birnin Detroit a 1946, aka buɗe Manpower a Milwaukee a 1948. Da fari masu buga tafireta da akawuna suke samarwa, daga baya suka shiga harkar masana kwamfuta.

Na biyu shi ne ɗan kwangila. Shi aiki ƙayyadadde ake ba shi, kamar haɗa na'urorin wata ma'aikata ko tsara manhajar biyan albashi, sai ya nemo ƙwararrun da za su yi. Ranar da aikin ya ƙare, ranar ce buƙatarsu ta ƙare. Sau da yawa kuma babban ɗan kwangila yakan yanka wa ƙarami wani sashe, ƙaramin ma ya yanka wa wanda ke ƙasa da shi.

Na uku shi ne kamfanin da ake miƙa wa sashen aiki ɗungurungum. A nan banki ko masana'anta ce za ta ga cewa kula da kwamfutoci ba shi ne ainihin sana'arta ba, sai ta danƙa shi ga wani kamfani na shekaru masu yawa. Mashahurin misali shi ne na kamfanin Kodak, wanda a 1989 ya miƙa wa IBM gudanar da cibiyoyin kwamfutocinsa. Bayan wannan ne manyan kamfanoni da dama suka bi sahu.

Yadda Indiya ta shiga kasuwar

Ba a cika bayanin wannan harka ba sai an ambaci Indiya. An kafa kamfanin Tata Consultancy Services a 1968, aka kafa Infosys a 1981 a birnin Pune. Tun da wuri irin waɗannan kamfanoni sukan ɗauki injiniyoyi a gida, su tura su ofisoshin abokan cinikinsu a Amurka da Turai.

Abubuwa biyu suka haɓaka cinikin. Na farko shi ne dokar shige da fice ta Amurka ta 1990, wadda ta tsara bizar ƙwararru da ake kira H-1B, ta ƙayyade ta ga mutum 65,000 a shekara. Na biyu shi ne matsalar shekara ta 2000. Tsofaffin manhajoji da lamba biyu kacal suke rubuta shekara, saboda haka aka ji tsoron kada su ɗauki 2000 a matsayin 1900, lissafin bankuna da na gwamnatoci ya rikice. Gyaran ya buƙaci dubban hannaye cikin gaggawa, har majalisar Amurka ta ɗaga adadin bizar zuwa 115,000 a 1999, sa'an nan zuwa 195,000 daga 2001 zuwa 2003, kafin ya komo inda yake.

Abin lura a nan shi ne, ita wannan biza kamfani ne ke nema wa ma'aikaci, ba shi ke nema wa kansa ba. Ke nan wanda dillali ya kai Amurka, zamansa a ƙasar yana ɗaure da aikinsa. In aikin ya yanke, sai ya sami wani kamfanin da zai tsaya masa cikin ƙanƙanen lokaci, ko kuwa ya tattara ya koma gida. Wannan shi ya sa irin wannan ma'aikaci ba ya cika iya ɗaga murya a kan albashi.

Inda ribar take fitowa

Na tsakiya yana cin abinci ne daga ratar da ke tsakanin kuɗin da mai buƙata ya biya shi da kuɗin da shi ya biya ma'aikaci. A ƙaddara cewa wani banki yana biyan dala 100 a kan kowace sa'a ta aikin mai tsara manhaja. Babban ɗan kwangila ya cire nasa, ya miƙa wa ƙarami dala 80. Ƙaramin ya cire nasa, ya ba dillali 65. Dillalin ya cire haraji da inshora da la'adarsa, ya biya mai aikin 45. Kowane hannu da kuɗin ya bi ta cikinsa sai ya rage, kuma galibi ma'aikacin bai san adadin farko ba.

To, me ya sa mai buƙata ya yarda da wannan, tun da ba lalle ne ya fi masa arha a kowace sa'a ba? Dalili shi ne sauƙin sallama. Ma'aikacin dindindin yana da fensho da hutun shekara da kuɗin sallama. Na kwangila kuwa, wasiƙa guda zuwa ga dillali ta isa a raba gari. Saboda haka duk lokacin da kasuwa ta faɗi, su ne ake fara ragewa.

Darasi daga shari'ar Microsoft

A 1992 wasu ma'aikata suka kai kamfanin Microsoft ƙara a Amurka. Sun shekara da shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan dindindin, amma ana kiran su na wucin gadi, an kuma hana su damar sayen hannun jarin kamfanin da rangwame. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu, a bisa hujjar cewa yanayin aikin ake dubawa, ba sunan da aka laƙaba masa ba. A ƙarshen 2000 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97 don a kashe maganar.

Sai dai nasarar ta zo da nata sakamako. Kamfanoni suka shiga ƙayyade wa'adin da na wucin gadi zai yi a wurinsu, suka bambanta launin katin shaidarsa, suka keɓe shi daga wasu tarurruka, duk don kada wata rana ya ce shi ɗan gida ne. A 2014 Microsoft ya sanar da ƙa'idar cewa wanda ya zo ta hannun wani kamfani, in ya yi wata 18, sai ya yi wata shida a waje kafin a sāke ba shi izinin shiga gine-ginensa da na'urorinsa.

Abin da ya shafi Nijeriya

Wannan tsari ya iso Nijeriya ta fuska biyu. A cikin gida, bankuna da kamfanonin wayar salula sun daɗe suna ɗaukar ma'aikata ta hannun dillalai. Ta fuskar waje kuwa, intanet ta sa mutum yana zaune a Legas ko Kano ya yi wa kamfanin Amurka aiki. Kamfanin Andela, wanda ya fara a Legas a 2014, ya yi suna da horar da matasa tsara manhaja, sa'an nan ya haɗa su da kamfanonin waje. Matasa da yawa sun sami sana'a ta wannan ƙofa. Amma a watan Satumba na 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Wannan labari ya ƙunshi alfanun tsarin da hatsarinsa gaba ɗaya.

Tambayoyin da suka wajaba

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Kafin mai neman aiki ya sa hannu, lalle ne ya sami amsar waɗannan abubuwa a rubuce.

Na ɗaya, wane ne ya ɗauke shi aiki a idon doka? Sunan da ke kan takardar yarjejeniya shi ne wanda zai tuhuma ranar da albashi ya makara.

Na biyu, hannu nawa ne tsakaninsa da mai ainihin aikin? Yawan hannaye yana rage albashi, yana kuma jinkirta biya.

Na uku, me zai faru in kwangila ta ƙare kafin a sami wata? Wasu kamfanoni suna biya a lokacin zaman jira, wasu ba sa biya. Dokar Amurka dai ta wajabta wa kamfani ya biya mai bizar H-1B ko da babu aikin da aka ba shi.

Na huɗu, an hana shi karɓar aikin dindindin daga wurin da aka tura shi? Yawancin dillalai sukan sa sharaɗin cewa sai an biya su diyya kafin a ɗauke musu mutum.

Na biyar, ana neman ya biya kuɗi? Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa dillalin ma'aikata ba zai karɓi kuɗi daga mai neman aiki ba. Mai buƙata ne ke biyan la'ada. A Nijeriya kuma doka ta tanadi cewa mai wannan sana'a ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom ko kuɗin biza tun kafin a ga aiki, ya kamata a yi kaffa-kaffa da shi.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a ɗauki dillali da ɗan kwangila a matsayin abokan gaba. Ga wanda ya fito daga makaranta ba shi da gogewa, sau da yawa ƙofarsu ce kaɗai a buɗe, kuma shekara biyu a wurare daban-daban tana koyar da abin da aji ba ya koyarwa. Amma wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya san cewa zango ya sauka. Ya ajiye shaidar kowane aiki da ya kammala, ya ƙara ilmi a kan kari, ya yi tanadin fenshonsa da kansa in ba a yi masa ba. Ma'aikatan gwamnati da ke tsara kwangilolin kwamfuta su ma suna da nauyi a kansu: su riƙa tambayar ɗan kwangila nawa ne daga kuɗin jama'a yake isa hannun wanda ya yi aikin, kuma a ƙarƙashin waɗanne sharuɗɗa.