Daga Samaru zuwa Dutsen Kagoro: Kafin ka ɗaga waya a ƙauyen mutane, karanta wannan

In kana cikin masu kwana da waya a hannu, na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan: wani Bature da jaka a baya yana hawan dutse a arewacin Biyetnam ko Tailan, ga gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala, ga mata cikin kaya masu launi suna sayar da saƙa a kasuwar ƙauye. Sai ka danna alamar so, ka rubuta “Allah Ya kai mu”, ka wuce.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, ɗan ɗaga kai daga wayar nan. In kana Samaru, ka dubi wajen Wusasa da hantsi ranar da babu hazo. Wancan dutsen da ka saba gani har ka daina lura da shi, Kufena ke nan. Daga gindinsa har Kagoro a kudancin Jihar Kaduna, akwai duwatsu da ƙauyuka da kasuwannin da za su ishe ka yawo shekara guda ba tare da fasfo ko biza ba. Sai dai akwai sharaɗi. Waɗannan wurare gidajen mutane ne, kuma yadda ka shiga shi zai sa a yi marhabin da na bayanka ko a rufe masa ƙofa.

Soma da na ƙofar gida

Tarihin baka na Zazzau ya nuna cewa kafin a kafa birnin Zariya na yanzu, sarauta ta zauna a Turunku, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Igabi a yau, sannan aka matso gindin Kufena. Ana danganta wannan ƙaura da Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536, kuma daga gidan ne Sarauniya Amina ta fito. Ke da kike kwana a ɗakin kwanan ɗalibai na Amina a ABU, kin taɓa zuwa inda aka ce nan ne tushenta?

A kewayen Kufena har yanzu ana ganin ragowar ganuwa da fasassun tukwane, kuma masu binciken kayan tarihi na jami'ar sun daɗe suna aiki a wurin. Kusa da dutsen akwai Wusasa, inda mishan na CMS suka koma a 1929, da tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk wannan, kuɗin Keke Napep da ruwan leda kawai zai ci maka.

Abin da Kufena zai fara koya maka shi ne dalilin da ya sa mutane ke raɓar dutse tun asali: tsaro. Wanda ke sama yana hango ƙurar mahaya tun daga nesa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kasuwar Sabon Gari ce taswirarka

Kafin ka shiga mota, ka ba kasuwar Sabon Gari awa biyu. Ka bi layin 'yan hatsi da na kayan miya, kana tambaya: “Baba, wannan daga ina ake kawo shi?” Za ka ji an ce citta daga Kachiya ko Kwoi, dankalin Turawa daga Jos, masara daga Saminaka, acca daga ƙasar duwatsu. Kowane buhu da hanyar da ya biyo, kuma hanyar ce kai ma za ka bi.

Wannan alaƙa ba sabuwa ba ce. Shi kansa Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, lokacin da layin dogo ya iso Zariya a farkon mulkin Turawa, ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka sauka a bayan birni. Akwai ma wani ƙaramin layin dogo da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama ya hau Jos domin kwaso kuza. An kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. In ka shiga motar Jos ka bi ta Pambeguwa da Saminaka, kusan sawun wancan jirgin kake bi.

A wannan hanya za ka fara ganin duwatsun Kudaru, sannan na ƙasar Lere da Kauru, inda Kurama da Gure da Kahugu da Amo da Chawai suke. Can kudu kuma akwai Dutsen Kagoro, wanda ya tsaya a bayan garin kamar bango, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara, da maharba da makaɗa da masu rawa. Kusa da Kafanchan akwai magangarar ruwa ta Matsirga. A ƙasar Jaba akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. Daga baya Bernard Fagg ya yi bincike a kai, duniya ta san cewa sama da shekara 2,000 da suka wuce mutanen yankin na ƙera siffofi da narka ƙarfe. Kuma kada ka ruɗe in ka ji kwandasta na kiran “Samaru” a can: akwai Samarun Kataf, ba ta ABU ba ce.

Me ya kai su kan dutse?

Nan ne maganar take da ɗan ɗaci, amma gara ka ji ta tun a gida. Da yawa daga cikin waɗannan al'ummu sun hau duwatsu ne, ko suka ƙara maƙalewa a can, saboda harin bayi. Wasu hare-haren daga masarautu suka fito, har da tamu ta Zazzau, wasu daga Ningi, wasu kuma tsakanin maƙwabta. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya ba da labarin rinji da satar mutane kamar yadda tsohuwar ta gani da idonta. Da Turawa suka zo, sai suka riƙa matsa wa mutanen dutse su sauko ƙasa, don mulki da karɓar haraji su yi sauƙi.

Wannan ba laifinka ba ne, ba a haife ka ba lokacin. Amma dattijon da za ka gaisar a gindin dutse ya ji labarin daga bakin kakarsa. Saboda haka kalmomin nan irin su “arna” da “ƙauyawa” da “mutanen daji”, ka bar su a Kwangila kafin mota ta tashi. Ka kuma san cewa sunayen da muka saba kiran su da su, galibi ba su ne suke kiran kansu da su ba. Kataf su ne Atyap, Kaje su ne Bajju, Jaba su ne Ham, Kadara su ne Adara, Kurama su ne Akurmi, Chawai su ne Atsam, mutanen Kagoro kuma Agworok. Gwada kiran mutum da sunan da ya zaɓa wa kansa, ka ga yadda fuskarsa za ta saki. Hausa kuwa kusan kowa na jin ta a can, don haka duk abin da ka faɗa wa abokinka a gefe kana dariya, an ji ka.

Zama kan dutse kuma ilimi ne. Ka lura da yadda ake jera duwatsu a tare ƙasa don kada ruwa ya kwashe ta, da yadda acca ke yi a ƙasar da masara ba za ta kai labari ba, ta kuma nuna da wuri lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Irin wannan fasaha ce ta sa UNESCO ta sanya Sukur, a duwatsun Mandara na Jihar Adamawa, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

Waya a aljihu tukuna

Bari mu koma kan bidiyon da muka fara da shi. A arewacin Tailan akwai ƙauyukan da ake biyan kuɗin shiga don kallon matan Kayan masu zoben tagulla a wuya. Masu sukar abin sun daɗe suna kwatanta su da gidan zoo na mutane. A nan gida ma, a 1986 jaridu sun yi ta yayata cewa an “gano” mutanen Koma a duwatsun tsohuwar Jihar Gongola, aka yi ta buga hotunansu kamar wasu abin mamaki, alhali suna da maƙwabta da kasuwanni da tarihinsu tun fil azal.

Yau kowannenmu jarida ne. Bidiyon daƙiƙa 30 na wata tsohuwa tana sussuka, da kiɗan barkwanci a ƙasa da rubutun “kun ga inda wayewa ba ta je ba”, zai iya kawo maka mabiya dubu. Amma jikanta na aji uku a ABU ko Nuhu Bamalli, yana TikTok kamar yadda kake, kuma zai gani. Ka tambayi kanka: da wani baƙo zai shigo Tudun Wada ya ɗauki Hajiyarku tana tuƙa tuwo ba sallama, ya ɗora duniya na dariya, ya za ka ji?

Abin ba wuya. Ka fara zuwa wurin mai gari ko dagaci ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ka kuma sallame shi da abin kirki. Ka nemi izini kafin hoto, ka nuna wa mutum abin da ka ɗauka, in ya ce goge, ka goge. Yara kuwa, sai da yardar iyayensu. In aka ce wancan kogon ko wancan kurmin ba a shiga, kada ka tsaya gardama ko wa'azi. Baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa. Kuma duk ɓallin tukunya ko dutsen niƙa da ka gani, bar shi inda yake. Da “tsaraba” irin wannan ne aka wawashe kayan Nok da yawa zuwa ƙasashen waje.

Ranar kasuwa

Ƙauye ba ya nuna kansa kamar ranar kasuwa, don haka ka tambayi direbobin tasha wace rana kowace ke ci kafin ka sa ranar tafiya. Ka je da wuri ka ga masu saukowa daga dutse da kaya a ka, wasu sun yi tafiyar awanni kafin gari ya waye. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, don ba ko'ina sabis yake ba balle mai POS.

Ciniki halal ne, a taya a ce albarka, a ƙara a sallama, a nemi gyara. Amma ka ji tsoron Allah. Kai da ka sayi data ta dubu biyar ba ka yi ƙorafi ba, kada ka tsaya murɗe wa tsohuwa naira ɗari a kan mudun acca. Manoman citta na yankin ma cuta ta cinye musu gonaki a 2023. Ka sayi zuma, ka sayi kwando ko tukunya daga hannun wanda ya yi, ka ci abincin gari. In ka ga rumfar burkutu ko naman da ba ka ci, ka wuce abinka ba tare da yamutsa fuska ba. In lokacin salla ya yi, ka tambaya, za a nuna maka masallaci ko a ba ka ruwa da wuri mai tsabta.

Ka kuma tuna kasuwa a wannan yanki ba wurin wasa da baki ba ce. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan batun sauya wa kasuwa matsuguni ya faro, na Kasuwar Magani a 2018 ma a kasuwa ya tashi, kuma an yi asarar rayuka a duka biyun. Mutanen da ka gani suna ciniki tare, Musulmi da Kirista, sun sha wuya kafin su sake zama inuwa ɗaya. Kada rubutunka na Facebook ya zama ashana.

Maganar tsaro

Ba za mu ɓoye wa juna ba, hanyoyin Jihar Kaduna sun ga garkuwa da mutane da hare-hare. Kada ka tafi don kawai ka ga hoton wani. Ka nemi abokin karatu ko maƙwabci ɗan yankin, ya kira gida ya ji yadda ake ciki a makon. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku shiga mota a tasha, ku isa kafin la'asar, ban da tafiyar dare. Ka faɗa wa iyayenka gaskiyar inda za ka. Kada ka yi bidiyon kai-tsaye kana nuna inda kake. Ka bari sai ka dawo gida ka ɗora. In 'yan gari suka ce yau ba a hawa, to ba a hawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don da damina dutse santsi gare shi. Takalmi mai kama ƙasa, ruwa isasshe, kuma ledar da ka hau da ita ka sauko da ita.

In aljihu bai kai Kagoro ba bana, ba komai. Asabar mai zuwa ka tara abokai biyu, ku karya kumallo a Samaru, ku nufi Wusasa, ku yi sallama da mutanen gindin dutse, ku hau Kufena tun rana ba ta yi zafi ba. Daga sama za ka hango birni da Sabon Gari da jami'a a shimfiɗe. Ka ɗauki hotonka, wannan kam ba mai hana ka. In kun sauko, ka zauna da wani dattijo ka tambaye shi abin da ya ji game da dutsen, ka saurara har ya gama. Sai mun ji daga gare ku.