Yadda Ingila ta mallaki Legas

Awori, wani reshe na Yarabawa, su ne suka fara zama a tsibirin Legas suna kamun kifi da noma. Daga baya masarautar Bini ta shimfiɗa ikonta a wurin. Fataucin bayi ne ya cika garin da dukiya, musamman a farkon ƙarni na 19, lokacin da jiragen ruwa ke ta jigilar mutane zuwa Brazil.

Rikicin sarauta ya buɗe wa Turawa ƙofa. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gado. Hana cinikin bayi aka ce shi ne dalili, amma kasuwar manja ma tana cikin lissafi. A watan Agustan 1861 Oba Dosunmu, ɗan Akitoye, ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila, jirgin yaƙi na tsaye a bakin ruwa, ka ga ba zaɓi gare shi.

A 1863 wani jami'in Ingila, John Glover, ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka kuɓuta, ya kafa rundunar tsaron garin. Daga ita sojan Najeriya ya samo asali.