Ko Kun Sani? Mai Hoton Tsakar Gida na Bamako

Ko kun san cewa a 1991 an baje wasu hotuna a birnin New York ba tare da sunan wanda ya ɗauke su ba? Iyakar abin da aka rubuta shi ne aikin wani mai hoto ne daga Bamako. Sai da aka bi sawu har Mali aka iske mai su, Seydou Keita, da dubban fina-finan hotunansa a adane.

A 1948 ya buɗe shagonsa. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, ya rataya zanen gado a bayansu. Ya kuma tanadi kayan aro: rediyo, agogon hannu, alƙalami, babur ƙirar Vespa. Yawanci sau ɗaya yake danna kyamara, don fim yana da tsada.

Abin da ya fi burge ni shi ne matan da ke cikin hotunansa. Za ka ga mace ta ci ado, ta kafa ɗauri, ta jingina da rediyo, tana kallonka ido cikin ido da cikakken mutunci.

Keita ya rasu a Paris a 2001.