Masu Hawan Igiyar Teku da Haƙƙin Ruwan da Ke Ɗaukar Su

Daga cikin wasannin da mutanen bakin teku suka gada kaka da kakanni, waɗanda mu mazauna tudu ba mu cika saninsu ba sai a hoto, akwai hawan igiyar ruwa, inda mutum zai kwanta bisa dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa da gaɓa, sa'an nan idan igiya ta taso ya miƙe tsaye, ta kwaso shi a guje zuwa tudu. Asalin wasan na mutanen tsibiran Tekun Pasifik ne, musamman Hawai, inda a da ake sassaƙa allon da icen daji. A yau kuwa ya game duniya, har ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, kuma ko a Tarkwa Bay ta Legas akwai samarin da suka ƙware a kansa.

Mai kallo zai zaci babu wasan da ya kai wannan tsarki, tun da ba inji, ba hayaƙi, sai mutum da ruwa da iska. Amma da masu wasan suka zauna suka yi wa kansu hisabi, sai suka tarar al'amarin ba haka yake ba. Allon zamani cikinsa soson roba ne, a naɗe shi da saƙar zaren gilashi, a shafe shi da wani ƙaro mai daskarewa, kuma soson da ƙaron duka daga man fetur ake samo su. Rigar da ke kare jiki daga sanyin ruwa ita ma ta wata roba ce mai suna niyofirin, wadda ake yi da fetur ko da dutsen farar ƙasa da aka gasa da wuta mai tsanani. Mafi nauyi kuwa shi ne safara, domin mai sha'awar wasan yakan hau jirgin sama daga Turai ko Amurka har Indunusiya don neman igiya mai kyau, jirgin na fitar da iskar kabon mai ɗumama duniya.

Illar wannan iska kuwa a kan teku take fara sauka, domin masana sun tabbatar cewa teku ke shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ke taruwa a duniya. Idan ruwa ya yi zafi, murjanin da ke ƙarƙashinsa yakan koɗe ya yi fari fat, wani ya mutu, kamar yadda ya auku ga babban shingen murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. Alhali da yawa daga cikin igiyoyin da aka fi so a bisa duwatsun murjani suke karyewa. Ashe mai wasan da hannunsa yake taimakawa wajen ɓata ni'imar da yake ƙauna.

Saboda haka masu wasan suka ɗauki hanyar gyara, ba ɗaiɗai ba, a jama'ance. A Kalifoniya ƙungiyar Sustainable Surf, wadda aka kafa a 2011, ta fito da tambarin ECOBOARD, wanda ake liƙa wa allon da aka yi da soson da aka sake sarrafawa, ko katako, ko ƙaron da aka gauraya da na tsirrai, don mai saye ya san abin da ya saya. Ta kuma shiga dasa itatuwan gaɓar teku masu taskance kabon a cikin taɓo. Kamfanin Patagonia ya bar niyofirin a 2016, ya koma robar itace. Hukumar gasar duniya ta wasan, World Surf League, ta yi alkawari a 2019 cewa za ta riƙa biyan diyyar hayaƙin tafiye-tafiyenta ta hanyar tallafa wa ayyukan kare dazuzzuka da makamantansu.

Inda ƙarfin jama'a ya fi bayyana shi ne Ostireliya. Masu wasan suna da wata al'ada idan ɗan'uwansu ya rasu: sukan tuƙa allunansu zuwa bayan igiya, su yi da'ira, su riƙe hannuwan juna, su yi ta watsa ruwa sama. A 2019, da kamfanin mai na Norwe, Equinor, ya ƙudura haƙa rijiya a tekun kudancin ƙasar, sai dubban mutane suka yi irin wannan fita bisa allunansu a garuruwan gaɓa da dama don nuna ƙin amincewa. A watan Fabrairun 2020 kamfanin ya janye, yana cewa lissafin riba ne bai fita ba. Amma babu mai musun cewa muryar jama'a ta kai inda aka nufa. A wannan zamani ne kuma aka kafa ƙungiyar Surfers for Climate a ƙasar.

Gaskiya ne dashen itace ba ya goge hayaƙin jirgin da ya riga ya tashi, kuma masu basira a cikin masu wasan sun fara kiran 'yan'uwansu da su wadatu da igiyar garinsu, su gyara allon da ya tsage maimakon sayen sabo, su haɗu a mota ɗaya zuwa gaɓa. Wannan nasiha ba ta yi wa kowa daɗi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne sun fara da tuhumar kansu kafin su tuhumi kamfanoni, kuma duk al'ummar da ke cin moriyar wata ni'ima ta Ubangiji, teku ce ko daji ko kogi, wannan tertibi ne ya wajaba a kanta.