Abin Da Ya Sa Cuta Ta Kan Fi Kayar Da Tsofaffi

Yau maganarmu a kan dattawa take. Kowa ya lura, murar da saurayi zai yi ya warke cikin kwana uku, ita ce za ta kwantar da kakansa mako biyu. Dalilin yana cikin jini.

Cikin jinin mutum akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne sojan jiki. Wani kashi nasu ana ce musu ƙwayoyin T. Cikin ɓargo ake haifarsu, amma ba can suke koyon aiki ba. Sai sun tafi wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, sunanta taimus. Nan ne barikinsu, inda ake koya wa kurtu ya rarrabe abokin gaba da ɗan gida. Wani likita, Jak Mila, shi ya gano amfaninta a Landan cikin 1961.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsokar nan ta fi ƙarfi lokacin ƙuruciya. Da mutum ya balaga sai ta riƙa motsewa, kitse yana maye wurinta, har in an tsufa kurata kaɗan ne ke fitowa. Tsofaffin soja suna nan, sun kuwa san cutar da suka taɓa karawa da ita, kamar baƙon dauro. Amma in baƙuwar cuta ta zo, masu tarar ta sun yi ƙaranci. Wannan yana cikin abin da ya sa korona ta fi kashe tsofaffi a 2020.

Har cutar da aka daɗe da ɗaurewa ta kan kwance. Ƙwayar tarin fuka ta kan yi shekaru a huhu shiru, sai tsaro ya yi sanyi ta tashi. Haka ta ƙarambau, ta kan ɓuya a jijiya tun yarinta, ta fito da ƙuraje masu zogi a gefe ɗaya na jiki.

Wani abu kuma, tsoho yana iya yin ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. In kun ga Baba ya ƙi abinci, ko ya rikice, ko yana numfashi sama-sama, kada ku ce tsufa ne, ku kai shi ɗakin magani ran nan. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a kai majina a auna. In fuka ce, ana shan magani wata shida, kada a yanke don an ji sauƙi.