Zaman Tare A Gona: Wa Ke Amfana, Wa Ke Cutuwa?

Babu halittar da ke zaune ita kaɗai a gona ko a daji. Tsiro da dabba da ƙwaro, kowa yana hulɗa da wani, sai dai hulɗar iri-iri ce.

Akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. In aka tuge gyaɗa ko wake, za a ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Ba cuta ba ce. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki. Shukar tana ba su abinci, su kuma suna samo mata sinadarin naitirojin daga iska, wato irin wanda manomi ke saye da tsada a buhun takin yuriya.

Akwai zaman da ɗaya ke amfana, ɗayan kuwa bai ci ba, bai yi asara ba. Balbela tana bin shanu don ta kama farin da suke tayarwa a ciyawa. Saniya ko a jikinta.

Sai kuma farauta, kamar mujiya da ɓera. Ana ƙyamar mujiya, alhali ɓerayen da take ci su ne masu ɓarna a rumbu.

Amma zaman da ya fi damun manomi shi ne na ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙuduji yana manne wa saiwar dawa ko gero ko masara a ƙarƙashin ƙasa, yana tsotse ruwa da abinci. Kafin jan furensa ya bayyana, ya riga ya yi ɓarna. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa.

A nan manomi zai iya yi masa wayo. Saiwar auduga da ta waken soya suna sa irin ya tsira, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu. Saboda haka gonar da ƙuduji ya cinye a sauya mata shuka, a ƙara mata takin gargajiya, domin ya fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa. Wanda ya fito kuma a tuge shi tun bai yi iri ba, a tara a ƙona.