Motar Da Aka Ce Ba Ta Shan Mai: Mu Yi Lissafi Tukuna

Kwanakin baya mun halarci wani biki a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dambatta, inda wani ɗan garin da ke aiki a Abuja ya iso da wata baƙar jif mai ƙyalli. Abin da ya tara jama'a a kanta shi ne yadda ta shigo fili shiru, ba ƙara ba hayaƙi. Direban ya ce wannan mota cajinta ake yi kamar waya, kuma a takardar kamfani an rubuta cewa ba ta shan ko lita 2 a tafiyar kilomita 100. Wani dattijo mai noman rani ya dube shi ya ce, "Yaro, in haka ne ku ba mu injinta mu yi ban ruwa da shi." Aka yi dariya, amma maganar baba ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka zauna muka yi lissafi.

Mai karatu ya san dalilin da ya sa irin wannan labari ke da daɗin ji. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. A yankinmu na arewacin Kano, inda gona ke jingine da gona kuma kusan kowane gida ke dogara ga babur, injin niƙa da injin ban ruwa, wannan tashi ya shiga har cikin tukunya.

Irin wannan mota zuciya biyu gare ta. Akwai injin fetur irin wanda muka saba da shi, akwai kuma babban batir da ake cika shi da wutar lantarki ta soket. Muddin batirin yana da caji, motar na tafiya da lantarki, in ya ƙare sai injin fetur ya karɓa. Bari mu ɗauki Volvo XC90 T8 a matsayin misali. Batirinta na ɗaukar yunit 18.8 na wuta. Bisa awon Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, cikakken caji yana kai ta kimanin kilomita 50, wato kamar daga Kano zuwa Dambatta. Daga nan sai ta koma fetur, inda take cin kimanin kilomita 11 a lita guda, domin nauyinta ya haura tan 2, kuma batirin da ya mutu ma kaya ne da za ta ja.

To, ina aka samo batun lita 2? Daga gwajin da ake yi a Turai ne, wanda a cikinsa ake ƙaddara cewa mai motar yana caji kullum kuma yawancin tafiyarsa gajeruwa ce. Turawan da kansu sun gano giɓin. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin da aka saka wa motoci don auna man da suke sha a kan hanya, aka tarar hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa ya ninka na takarda sau 3 da rabi. Babban dalili shi ne masu su ba sa cajinsu yadda aka zata. Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Yanzu mu dawo gida. Baƙonmu ya taso daga Abuja, tafiyar da ta kusa kilomita 480 zuwa ƙauyen. Batir ya ɗauke shi kilomita 50 na farko, saura kilomita 430 kuwa fetur ne, kusan lita 40. Da ya iso, ina zai yi caji? Tun watan Afrilu na 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, suka koma biyan sama da Naira 200 a kowane yunit. Cika batirin na cin kimanin yunit 18, wato kusan Naira 3,800 a farashin ƙarshen 2024. Wannan tafiya ta kilomita 50 da fetur lita 4 da rabi ce, kimanin Naira 4,500 a lokacin. Akwai rangwame, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙauyukanmu kuwa da yawa ba su cikin wannan rukuni, wasu ma turakun wuta ba su kai gare su ba. Kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar Kano da sauran jihohin arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Wani zai ce ai akwai janareto. Nan ne lissafin ke juyewa. Ƙaramin janareto mai fetur yakan sha wajen rabin lita kafin ya ba da yunit guda. Yunit 18 ke nan lita 9, don tafiyar da injin motar zai yi da lita 4 da rabi. Wato mutum ya ƙone man ninki biyu domin a ce motarsa ba ta shan mai. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada a ɗauka muna kushe fasahar ne. Ga wanda ke zaune a birni, yana da faifan sola masu yawa a rufin gidansa, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba, zai iya yin makonni bai leƙa gidan mai ba. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a Maiduguri ma an fara amfani da motocin haya masu lantarki. Sharaɗin dai guda ne, a sami wutar da ba ta fito daga fetur ba.

Wannan sharaɗi ne ya komar da mu kan maganar baba. Manoman rani na Watari a Bagwai da na madatsar ruwan Tomas sun san cewa man injin ban ruwa na cikin abin da ke cinye ribar tumatir, albasa da shinkafa. Hasken ranar da zai cika batirin jif guda zai iya juya famfon ban ruwa, kuma famfon ba ya buƙatar batir tun da da rana ake ban ruwa. Kuɗin sayensa na farko yana da nauyi ga mutum ɗaya, amma manoma biyar ko goma da gonakinsu ke maƙwabtaka za su iya haɗa hannu ta hanyar adashi ko ƙungiyar gama kai. Kuɗin jif ɗaya kuwa zai sayi famfuna masu yawa, kuma muna roƙon 'ya'yanmu masu hali da wakilanmu su yi tunani a kan wannan.

Shawararmu ga mai karatu ita ce, duk wanda ya zo maka da mota, babur ko inji ya ce ba ya shan mai, ka yi masa tambaya uku: kilomita nawa ko awa nawa yake yi da caji ɗaya, nawa yake sha in cajin ya ƙare, kuma daga ina wutar za ta fito. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, ka sake cikawa ka raba da kanka. Babur ɗin da ke ƙofar gidanka, in an gyara shi kuma tayoyinsa na da iska daidai, yana iya yin kilomita 40 ko fiye a lita guda, kusan ninki huɗu na jif ɗin da batirinta ya mutu.

Da biki ya watse, mun ga baƙar jif ta tsaya a gidan mai na farko a kan hanyar Kano, tana bin layi a bayan babura. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar tattalin abin da ke hannunmu.